Tumatirin Ado: Ya Ci Kuɗinsa, Amma Ba a Kowane Falo Ba

Idan akwai yaro mai rarrafe a gidanki, ko wanda bai kai a ce masa "bari" ya bari ba, ki haƙura da shukar tumatirin ado sai ya girma. Na sa wannan a gaba ne don shi ne abin da mai sayarwa bai gaya mini ba, kuma ya fi duk bayanin da zai biyo baya nauyi. In kuwa gidanki ya wuce wannan mataki, ko kina da wurin da ƙaramin hannu ba ya kaiwa, to a duk fulawoyin da ake jerawa a bakin titi a Kaduna ban ga wadda ke raya falo lokacin hunturu irinta ba. Ta ci kuɗinta. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma ba kowane gari ne zai iya cika mata su ba.

Masu fulawa suna kiranta Jerusalem cherry, wasu su ce Christmas cherry, a littattafan tsirrai kuma sunanta Solanum pseudocapsicum. Mu a gida tumatirin ado muke cewa. Gajera ce mai yawan rassa. A tukunya takan tsaya tsakanin santimita 30 zuwa 60, ko da yake idan ta samu ƙasa ta sake tana iya wuce mita 1. Ganyen siriri ne, kore mai duhu, gefensa da ɗan lanƙwasa-lanƙwasa. Furen ba abin a zo a gani ba ne: fari, ƙarami, mai kunne 5 da ɗan tsini ruwan ɗorawa a tsakiya, wanda duk mai lambu zai kalla ya ce ai wannan dangin barkono da gauta ne. Haka ɗin ne kuwa, gidansu ɗaya da tumatir da yalo da attaruhu da dankalin turawa. Abin da ake biyan kuɗi dominsa 'ya'yan ne, kewayayyu sumul masu sheƙi, faɗin kowanne santimita 1 zuwa 1 da rabi. Suna farawa kore, su koma ruwan ɗorawa, su yi ruwan lemo, sannan su nuna jawur. Da yake ba tare suke nuna ba, sai ki ga launi 3 ko 4 a reshe guda. Ba sa ɓuya a ƙarƙashin ganye, shi ya sa baƙo tun daga bakin ƙofa yake hango su, kafin ma ya gama sallama ya fara tambaya. Kuma suna daɗewa. Tawa takan riƙe jan nan tun daga Disamba har Fabrairu ya yi nisa, abin da babu furen da zai yi miki.

Asalinta Kudancin Amurka ne. Turawa sun daɗe da saninta, don tun 1753 masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa mata sunan da ake amfani da shi har yau, kuma ta yi zaman gida a tsibirin Madeira na Fotugal har wasu ke ɗauka can ce mahaifarta. A Turai da Amurka kayan Disamba ce. Masu noman furanni kan shuka iri tun farkon shekara, su yi renonta har 'ya'yan su nuna daidai lokacin Kirsimeti, a saya a ɗora a taga, in sun zube da yawa su jefar da tukunyar su jira ta baɗi. Wannan tarihin yana da amfani ga mai saye a nan, domin yana gaya mata halin abin da za ta kai gida: shuka ce da ke son haske mai yawa da sanyi tare, tsakanin digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin salshiyos lokacin da take ɗauke da 'ya'ya. To ki tambayi kanki watanni nawa ɗakinki ke kusantar wannan a shekara.

Na saye ta ne wajen ɗaya daga cikin masu fulawar da ke kusa da kogi, matashi mai fara'a da ke da rumfar raga a bayan jerin tukwanensa. Ya ce daga Jos ake kawo masa, kuma na yarda, don irin cikar 'ya'yan da ta yi ba aikin zafin Kaduna ba ne. Kuɗin da ya fara yankawa ya kusa ninka na sauran tukwane masu girmanta sau 3. Mun yi ciniki ya sauko, amma ba sosai ba, don ya san abin da ke hannunsa, kuma motoci na ta tsayawa ana nuna ta da yatsa. Abin da na yaba masa shi ne bai hana ni dubawa ba. Na ce ya kife mini tukunyar in ga saiwa, ya kife ba musu, saiwoyin farare ne ƙal ba su nannaɗe juna ba. Ya goge ganyen, ya ɗaure rassan da jarida don kada 'ya'yan su kaɗe a mota, ya sa yaronsa ya kai mini har but. Ta fuskar mu'amala ba ni da ƙorafi.

Ta fuskar bayani ne ya gaza. Na tambaye shi inda ya kamata in ajiye ta, ya ce, "Hajiya, ko'ina kika sa ta za ta rayu, ba ta da matsala." Wannan maganar 'yan kasuwa ce, ba gaskiya ba ce. Na tambaye shi ko ana ci, ya yi dariya ya ce, "A'a Hajiya, ado ne kawai." Ya tsaya nan. Tsakanin "ba a ci" da "guba ce" akwai tafiya mai nisa, kuma uwa na buƙatar a gaya mata na biyun ƙarara. Da na koma sayen tukunyar ƙasa na yi masa maganar, na ce, "Kai ɗan nan, ka san kuwa abin da kake sayar wa masu yara?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, in na ce guba ce wa zai saya?" Na ce ni zan saya, kuma wadda ta saya da sani ita za ta dawo maka. Ƙasar da ya cika mata ma ba ta yi ba: laka ce mai nauyi a cikin robar da hujinta ɗaya tal, irin wadda ke riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. A rumfarsa, inda rana ke busar da ita kullum, tana wucewa. A ɗaki ba za ta wuce ba.

Idan za ki zaɓa, kada idonki ya ruɗe ki da wadda ta fi ja. Wadda duk 'ya'yanta suka nuna ta riga ta cinye rabin kwanakin adonta a hannun wani. Ki ɗauki mai koraye da yawa, da 'yan ruwan lemo, in da hali da sauran fure a saman rassa. Ki duba cikin tukunya da ƙasan inda aka ajiye ta. In kin ga 'ya'ya a zube ko ganye ya fara rawaya daga ƙasa, ta sha ƙishi ko zafi, kuma zubar ba za ta tsaya don kin kai ta gida ba. Sannan ki ɗan girgiza ta. In wasu fararen ƙwari ƙanana suka tashi fir, ki mayar masa da abarsa, don za su bi sauran shuke-shukenki.

Yanzu maganar gubar. Akwai wani sinadari a jikinta da masana ke kira solanokafsin, ɗan'uwan wanda ke cikin dankalin turawan da ya yi kore a rana. Yana cikin ganye, yana cikin 'ya'ya, ɗanyu da nunannu. Wanda ya ci yakan yi amai, ciki ya murɗa, gudawa ta biyo, jiki ya mutu. Ba kasafai take kisa ba, amma jikin yaro ƙarami ba ya jure amai da gudawa kamar na babba, kuma babu uwar da ke son ta gwada. Kyanwa da kare ma tana cutar da su. Bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tunda a dangin nata ne ake da zaƙami da gautan kura, waɗanda tun muna yara aka gargaɗe mu a kansu. Bambancin shi ne su a bayan gari suke, ba wanda ya ɗauko su ya ɗora a tebur kusa da farantin dabino. Gwaggona da ta zo ganin likita ta sauka a wurina, tana shiga falo ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta murza ganye ɗaya ta shinshina, ta ce, "'Yar nan, wannan ai kyan ɗan maciji ne. Ɗage ta sama." Ba ta taɓa ganinta ba, amma hancinta ya gane dangin.

Kuma ba jarirai kaɗai ba. 'Yar maƙwabciyata mai zuwa firamare, yarinya mai hankali, ta taɓa tsayawa gabanta ta ce, "Umma, in tsinki ɗaya?" Ta yi kyau da ta tambaya. Ba kowane yaro ke tambaya ba, musamman ranar suna ko sallah da gida ke cika, idon kowa na kan tukunyar abinci. Abin da nake yi shi ne tana zaune a kan kanta mai tsawo da aka kafa a bango gefen taga, ba a tebur ba, kuma kowace safiya kafin shara ina duba ƙasa in tsince duk wanda ya faɗo, don ɗagawa sama ba ta hana 'ya'ya gangarowa ƙarƙashin kujera. Ranar taro kuwa ɗakina take kwana, a kulle. In ƙaddara ta sa yaro ya ci, a ciro abin da ya saura a bakinsa, a kuskure masa baki, a tafi asibiti da reshen shukar a hannu don likita ya ga mene ne. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara kamar yadda muka saba, kuma kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai.

Wurin zamanta a ɗaki shi ne rabin aikin. Falonmu na Hausawa yawanci duhu gare shi, labule biyu-biyu don zafi da idon mutane, kuma shukar nan ba ta son duhu ko kaɗan. In aka tura ta lungu kusa da talabijin don ta dace da kujeru, cikin ɗan lokaci ganyen ƙasa zai fara zuba, rassa su miƙe su yi sirara suna neman taga. Tagar gabas ce ta fi yi mata, inda za ta sha ranar safe mai laushi har zuwa hantsi, sannan ta wuni cikin haske ba tare da ranar azahar ta doke ta ta gilashi ba. Tagar yamma a garinmu tanda ce. Nakan juya tukunyar kaɗan duk bayan 'yan kwanaki don kada ta karkata gefe guda. Ba ta son iskar na'urar sanyaya ɗaki tana hura ta kai tsaye, don sanyin yana zuwa ne da bushewa, haka ma fanka in tana kanta dare da rana. Ki nisanta ta da kicin da hayaƙin risho da na janareta. Akwai kuma wanda ba za ki gani a rubutun Turawa ba: turaren wuta. Na lura duk ranar da aka rufe ƙofa aka turara falo sosai, washegari sai na tsinci 'ya'ya a ƙasa. Yanzu kafin a ɗora kasko sai an fitar da ita baranda, in hayaƙi ya lafa a dawo da ita. Maigida yakan yi mini tsiya, wai ko shi ba a yi masa wannan hidimar, ga shi gonar tawa ko miya ba ta bayarwa.

Hunturu lokacinta ne, amma da rabi. Sanyin daren Disamba da Janairu shi take so, shi ke sa 'ya'yan su daɗe su yi ja sosai. Abin da ba ta so shi ne bushewar iska da ƙura. A tsakiyar hunturu laimar iska a arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓen mutum ma tsagewa yake, balle siririn ganye. Maganin da ya yi mini aiki shi ne faranti mai faɗi da aka zuba wa tsakuwa da ruwa, a ɗora tukunyar a kan tsakuwar yadda gindinta ba ya taɓa ruwan. Ruwan na tashi a hankali yana jiƙa iskar da ke kewaye da ita. A riƙa zubar da shi ana sake sabo duk kwana 2 ko 3, in ba haka ba kin buɗe wa sauro gidan haihuwa a falonki. Sau ɗaya a mako nakan kai ta banɗaki in yayyafa mata ruwa sama da ƙasan ganye har ƙurar ta fita, in bar ta ta tsane. Ban-ruwa kuwa ba a yi masa ƙa'idar kwanaki. Ki sa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓar farko. In kin ji bushe, ki zuba har ya fito ta ƙasa, in da danshi ki bari sai gobe. Ba ta yafe ƙishi: in ta yi yaushi sau ɗaya sosai, ko ta farfaɗo sai ta zubar da wani abu. Ruwan alwalar da nake tarawa a roba shi nake ba ta, tunda babu sabulu a ciki kuma ba shi da sanyin firji.

Bazara ce jarrabawar. Daga tsakiyar Maris, da zafin Kaduna ya haura digiri 35, duk dabarar da za ki yi sai ta zubar. 'Ya'yan su yamushe su faɗi, ganye ya biyo su, ta koma tsinke-tsinke, ba kyan gani. A nan ne yawancin mutane ke cewa ta mutu, su kai ta bola, su ce mai fulawa ya cuce su. Ba ta mutu ba. Ki kankare ɓawon reshe da farce, za ki ga kore a ciki. Abin yi shi ne a datse kowane reshe a rage rabinsa ko ma fiye, a fitar da ita daga falo zuwa wuri mafi sanyi a gidan. Ni gindin mangwaro nake kai ta, kusa da randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi. Watanni biyun nan ba ta yi wa kowa ado, ana dai riƙe ranta ne har ruwa ya sauka.

Don a ga yadda gari ke canza labarin: ƙanwata da ke aure a Jos ta karɓi 'yan tsiro daga wajena ta dasa a tukwane a barandarta. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da daren hunturu sanyi kan sauka kusan digiri 11, bazararsu kuma ba ta kai tamu zafi ba. Nata ba su taɓa yin tsirara irin tawa ba, kuma 'ya'yansu sun fi yawa nesa ba kusa ba, alhali ko rabin wahalar da nake yi ba ta yi. Ƙawata ta Kano kuwa, inda Afrilu ke kai digiri 40, tata ba ta ga damina ba, duk da tana da hannun shuka fiye da ni. Don haka mutanen Jos da Mambila ku saya ido rufe. Kaduna da Zariya da Abuja, za ta yi in an jure mata. Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, ku saye ta da niyyar adon wata 3, in ta wuce haka riba ce.

Lokacin datsewar nan ne ya fi dacewa a sauya mata gida. Tukunyar ƙasa ta fi roba, don tana numfashi kuma tana sanyaya saiwa, sai dai tana saurin bushewa. Kada ta fi tsohuwar girma da yawa, kuma a tabbatar an huda gindinta sosai. Haɗin da nake yi: kashi 2 ƙasar lambu, kashi 1 yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi 1 kashin shanu da ya ruɓe ya koma baƙi ba wari. Ɗanyen kashin kaji zai ƙone ta. Da sabon toho ya fito, sai a fara taki. Takin zamani na kamfa nake jiƙawa, rabin cokalin shayi a ruwa lita 2, duk mako 2 ko 3, kuma sai ƙasa na da danshi. Yuriya ki bar wa masara. In kika ba ta, za ki samu ganye kore shar mai ban sha'awa ba ɗa ko ɗaya. Da 'ya'ya suka fara juya launi a daina takin gaba ɗaya.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa a lamarinta, kuma shi ne dalilin da ya sa da yawa ke cewa tasu ta yi fure amma ba ta haihu ba. Garin furen dangin tumatir ba a waje yake ba, yana kulle ne cikin 'yan tsinin nan ruwan ɗorawa, kowanne da ƙaramin huji a kansa, kuma ba ya fitowa sai an girgiza. A waje iska na yin wannan aikin, da manyan ƙudajen nan masu ƙugi, irin baƙaƙen da ke huda katakon rufi. Sukan rungumi furen su kaɗa jikinsu har garin ya zubo. Ƙudan zuma na gida bai iya wannan ba. A falo kuwa babu iska babu ƙwaro, sai furen ya buɗe, ya jira, ya bushe, ya faɗi. Saboda haka duk damina a waje ya kamata ta yi, a wurin da take samun ranar safe kuma ruwan indararo ba ya zuba a kanta. In dole sai a ɗaki, to kowace hantsi ki bi rassan masu fure ki ɗan ƙwanƙwasa su da yatsa. A farkon damina kuma ki riƙa tsinke kan sabbin rassa don ta yi cunkus maimakon tsawo, amma da kin ga fure ki daina. Nakan shigo da ita ciki ne a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin 'ya'yan sun cika girma suna shirin juyawa.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: haihuwarta ta biyu a gidana ba ta kai wadda na saye ta da ita ba. 'Ya'yan sun ragu, tsayinta ya ƙaru, ƙasan rassan ya yi itace ba ganye. Tana da kyau har yanzu, amma ba irin na ranar farko ba, kuma kowace shekara tana ƙara ja da baya. Wanda ke tsammanin tukunya ɗaya za ta riƙa maimaita hoton rumfar mai fulawa shekara da shekaru zai ji an ci kuɗinsa.

Ƙwari ba su da yawa amma masu naci ne. Farin ƙuda da darɓa na zuwa da damina, su taru a bayan ganye da kan sabon toho, su bar danƙo mai kiran tururuwa. Da hunturu kuma wasu jajayen ƙwari ne ƙanana da ido da ƙyar yake gani, sai dai ki ga ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari da siririyar yana a tsakanin rassa. Bushewar iska ce ke kawo su, wankan mako-mako kuma shi ke korarsu. Ga sauran, ƙwallon darbejiya nake dakawa, danƙi ɗaya a ruwa lita 1, ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan ruwan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako. Ban ga dalilin kawo maganin feshin gona cikin ɗakin da ake kwana ba.

Hanya mafi araha, kuma wadda ke magance tsufan uwar, ita ce iri. Ɗa guda nunanne na ɗauke da ƙwayoyi masu yawa, fyaɗaɗɗu, ba su da maraba da irin barkono a ido. A matse su a kan takarda, a wanke, a shanya a inuwa, a wanke hannu da sabulu. Kada a yi aikin da wuƙar kicin ko faifan abinci, kuma don Allah a rubuta suna a jikin ƙullin, kada wani ya tsince shi ya kai lambu a matsayin barkono. In aka shuka da faɗuwar ruwan farko, wajen Mayu, cikin mako 2 zuwa 3 za su tsiro, su yi fure a cikin damina, su nuna da hunturu. Sabbin sun fi uwar kyau da cika. Saurin tsirowar nan ma abin lura ne, don tsuntsaye na ɗaukar 'ya'yan su watsa irin, har ta zama ciyawar da ake yaƙi da ita a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyu Zilan. Ni kaina ina cire 'yan tsiro a gindin mangwaro duk damina. 'Ya'yan da suka zube ba na kai su bolar unguwa, inda yara da awaki ke kiwo tare. Rami nake haƙawa mai zurfi in binne, ko in jefa a masai.

Ga wadda ke son jan nan amma garinta ko gidanta bai dace ba, akwai barkonon ado, wanda masu fulawa kan jera kusa da ita har wasu ke rikita su. Shi barkono ne na gaske, yana son rana, zafin Kano ba ya tayar masa da hankali, kuma abin da zai yi wa yaro bai wuce yaji a baki da ido ba, ko da yake wanda aka sayo daga rumfa ba na ci ba ne tunda ba a san me aka fesa masa ba. 'Ya'yansa ba sa daɗewa kamar na tumatirin ado, kuma ba su da wannan sheƙin. A bambance su ba wuya: a tsaga ɗa ɗaya, na barkono ciki fanko ne da ƙanshin yaji, na wannan kuwa cike yake da ruwa da tsoka.

In kuma ita ɗin kike so kuma ba ki da haƙurin iri, kada ki jira Disamba lokacin da kowa ke rububi. Ki je wajen Agusta ko Satumba ki ce a nuna miki ƙananan da ke cikin baƙar leda. Ba sa jera su a gaba tunda ba su da ja, suna can bayan rumfa, kuma kuɗin babba ɗaya zai saya miki 3 ko 4. Ki dasa su da ƙasar da kika haɗa da hannunki, su ƙarasa damina a tsakar gidanki su saba da iskar garin.